Jawabi kan Kula da Cajin Batirin Kekunan Guragu Masu Lantarki



Iyayenmu malamai, masu ba da zakka da waƙafi, da shugabannin kwamitocin masallatan Jega, Aliero da Maiyama, muna gode muku bisa kekunan guragu masu lantarki da dukiyarku ta samar wa 'yan'uwanmu naƙasassu. Yau muna so mu ja hankalinku kan abin da ke riƙe da keken: batirinsa.

Koken da ya fi zo mana shi ne keke ya tsaya cak a tsakiyar hanya, alhali ma'auninsa na nuna caji ya cika. Mai lafiya idan babur ɗinsa ya mutu sai ya tura shi. Gurgun da ya fito daga kasuwar Jega da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai dai ya zauna jiran wanda Allah zai kawo.

Ga musabbabin. Yawancin ma'aunan da ke kan waɗannan kekuna an ƙera su ne don tsohon batirin dalma, wanda ƙarfinsa ke raguwa sannu a hankali. Batirin litiyam, musamman nau'in LiFePO4, ba haka yake ba. Mai bolt 24 yakan nuna kusan bolt 27 idan ya cika, kuma ko saura kashi 20 cikin ɗari yana nuna kimanin 25.6. Wannan adadi kuwa a wurin batirin dalma cikakken caji ne. Saboda haka ma'aunin ba ya yin gargaɗi, har sai na'urar kariya da ke cikin batirin ta yanke wuta gaba ɗaya.

Maganin shi ne ma'auni mai ƙidaya wutar da ta shiga da wadda ta fita, ya nuna abin da ya rage kashi nawa ne cikin ɗari. Muna roƙon masu bayarwa su sanya kuɗin wannan ma'auni da na caja ta asali cikin kuɗin kowane keke, domin cajar batirin dalma na iya lalata na litiyam.

Ku kuma 'yan kwamiti, buƙatunmu uku ne. Masallacin da ke da sola ya ware soket ɗaya a inuwa, domin bai kamata a yi caji ba idan zafin batir ya wuce digiri 45. A tunatar da masu keke su koma caji kafin ya sauka ƙasa da kashi 20. A kuma ajiye littafi, duk Juma'a a rubuta nisan da caji ɗaya ke kai kowane keke. Raguwar nisan ita ce alamar farko ta gajiyar batir.

Sharaɗin waƙafi shi ne asalin dukiya ya dawwama, amfaninsa ya ci gaba da gudana. Keken da batirinsa ya mutu aka jingine a zaure, amfaninsa ya yanke. Mu taru mu tsare wannan amana.