Abin Da Ya Sa Muke Zaman Ba Da Labari

(Jawabin da wani ɗan kasuwa daga cikin dattawanmu ya gabatar a zaman hirar dare a Mubi)

 

Wasu sun tare mu a kasuwa suna cewa, wai me ya kai masu furfura shimfiɗa tabarma suna ba da labari kamar yara a dandali? To, abin da muke yi nan ba tatsuniya ba ce. Babu Gizo, babu Ƙoƙi. Mutum zai tashi ne ya faɗi abin da ya same shi da kansa.

Dalili na farko, 'ya'yanmu. Iyayenmu sun zo garin nan daga Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya, wasu da fatauci, wasu da almajirci. Suka zauna da Fulani, Gude da Fali, suka koyi Fillanci a kasuwar shanu. Yau ka tambayi yaro sunan ƙauyen kakansa, sai ya hau sosa ƙeya. Laifinsa ne? A'a, mu ne ba mu faɗa ba. Ku dubi Baba ta Karo, wata tsohuwa a ƙasar Zazzau. Ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Da ta yi shiru, da an binne shi tare da ita.

Na biyu, nauyin da ke ƙirjinmu. Ranar 29 ga Oktoba, 2014 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Muka bar shaguna a buɗe, tukunya a kan murhu. Wasu suka bi duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola. A Nuwamba 2017 kuma bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa ana sallar asuba. Mun dawo, mun buɗe shaguna, amma bakinmu bai buɗe ba. Har yau akwai wanda in taya ta fashe sai jikinsa ya ɗauki ɓari.

A zaman da ya wuce wani ɗan'uwanmu ya faɗi yadda wani manomi, wanda ba addininmu ɗaya ba, ya ɓoye shi da iyalinsa kwana uku. Shekaru muna ciniki rumfa da rumfa, wallahi ba mu taɓa ji ba sai ran nan. Da ya gama ya ce ya ji kamar an sauke masa buhun masara.

Sai dai akwai ƙa'ida. Ka faɗi naka, ka bar na wani. Ban da ƙarin gishiri, ban da tonon asiri, ban da siyasa. Wanda kuka ya ci ƙarfinsa, a yi haƙuri a jira shi. Samari kuma ku zo da biro da takarda.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da Mubi lafiya. Bisimilla, wa zai fara?