Sanyi ta Bututu a Gwarinpa



Idan zafin watan Maris ya kankama, ku zaga layukan Gwarinpa da yamma. Kowane bango da esi a maƙale tana feso iska mai zafi waje, wuta na ɗaukewa kuma janareta su amsa, hayaƙin dizal ya turnuƙe unguwa. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga masu amfani da lantarki na rukunin A a Afrilun 2024, sanyaya ɗaki ya zama abin lissafi a gidaje da yawa.

Akwai wata hanyar sanyaya gidaje. A Dubai, kamfanin Empower yana sanyaya ruwa a manyan tashoshi, ya tura shi ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gine-gine, ruwan ya kwashe zafin ɗakuna ya koma tasha. Wutar da ake ci ba ta kai ta esi ɗai-ɗai ba. A 2022 jihar New York ta Amurka ta yi dokar da ta umarci manyan kamfanonin gas da lantarki su gwada bututun raba zafi da sanyi don rage hayaƙi.

Tone titunan Gwarinpa, da aka shimfiɗa tun zamanin Janar Sani Abacha, don binne irin waɗannan bututun zai ci kuɗi sosai, kuma tashar ita ma sai da tsayayyiyar wuta. Amma ga sabbin rukunin gidaje suna tashi a Karsana. A 2021 Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, don haka ina roƙon hukumar birnin tarayya da kamfanin rarraba lantarki na AEDC su gwada wannan tsari a Karsana tun ba a zuba kwalta ba.