Riƙo da Zaman Aure: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



An umurce ni da in yi magana a kan zaman iyali. To, ni ba malami ba ne, ba kuma alƙali ba, saboda haka zan tsaya ga abin da na gani a cikin gidana. Wasunku sun halarci wata 'yar walima da muka yi cikin watan Maris na 2024, sun ci sun sha, sun tafi ba su san ko ta mece ce ba. Wani ma sai da ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ƙarin aure na yi a ɓoye. Ga bayani yau, da izinin mai abin: uwargidana ce ta cika shekara 50 da ranar da aka kai ta riƙo.

Manyanmu da ke nan ba su manta da farin 1972 da 1973 ba, lokacin da damina ta gaza sau biyu a jere, dabbobi suka mutu, mutanen karkara suka yi ta kwararowa birane. A cikin wannan hali ne mahaifiyarta ta rasu a wani ƙauye na ƙasar Katsina, ta bar wa mahaifinta 'ya'ya huɗu da rumbu wayam. Yana da ƙanwa da ke aure a Zariya, shekararta goma sha ɗaya a ɗaki Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ta je ta'aziyya, ranar da za ta koma, sai ya ɗauki ƙaramar ya miƙa mata. Mijin Gwaggo, wanda muke kira Baba, akawu ne a tashar jirgin ƙasa, irin mutanen nan da ba abin da ke wuce su ba su rubuta ba, daga kuɗin cefane har ranar ruwan farko. A littafinsa na 1974, tsakanin kuɗin kananzir da na itace, ya rubuta cewa yau Allah Ya ba su 'ya.

Uwargidana ba ta san ranar haihuwarta ba, kamar da yawa daga cikinmu. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, hannu aka sa ta ɗora bisa kai ta taɓa kunne, aka ce ta isa shiga aji ɗaya. Takardar rantsuwar shekarunta tana cewa 1 ga Janairu, kuma na tabbata in aka ce masu 1 ga Janairu su ɗaga hannu a zauren nan, rabinmu ne. Saboda haka ranar da Baba ya rubuta ita kaɗai ce ranar gaskiya da take da ita. 'Ya'yanmu ne suka kawo shawarar walimar, wai sun gani a Facebook cewa a Amurka iyalai kan tuna ranar da aka kawo musu yaro. Na ce ban da hura kyandir. Muka yi sadaka, aka yi wa mamata addu'a, washegari muka ɗauki hanyar ƙauye muka gaida dangin mahaifinta.

Ai ba sai mun je Amurka neman wannan abu ba. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma ya aikata. Ɗan fari, da an yaye shi, kaka ko gwaggo ke ɗauka, uwar ma kunyarsa take ji, ba ta kiran sunansa. Macen da ba ta haihu ba, dangi ba sa barin ɗakinta shiru. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya ga mace wadda ba ta taɓa haihuwa ba amma ta rayu da 'ya'yan riƙo. Malamanmu na addini kuma sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi, sannan baffansa Abu Ɗalibi, kuma a wata shekarar yunwa a Makka shi ma ya ɗauki Sayyidina Ali ya riƙe don ya rage wa baffan nauyi.

Sai dai riƙo namu yana da iyaka, kuma iyakar ce nake so mu duba. Zaidu ɗan Harisa ya daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, har aka saukar da hukunci a Suratul Ahzabi cewa kowane yaro a jingina shi ga ubansa. Baba ya tsaya a kan wannan. A rajistar makaranta sunan mahaifinta ya sa. Ba a taɓa ɓoye mata asalinta ba, kuma duk dogon hutu sai an sa ta a mota ta je ta ga 'yan'uwanta, ko tana kuka. Na san gidajen da aka ɓoye wa yarinya, sai ranar da rigima ta haɗa ta da wata a bakin rijiya ko a gidan biki ta ji labarin kanta cikin gori. Irin wannan ciwo ba ya warkewa da wuri.

Da na je neman aure a 1991 sai na tarar surukai biyu gare ni. Gaisuwa sau biyu, goro sau biyu, har abokaina, ga su nan zaune, suna cewa sadaki ɗaya na biya amma wahalar mata biyu na sha. Ranar ɗaurin aure mahaifinta ya zo daga ƙauye, walicci nasa ne, ba mai ja. Da liman ya tambayi waliyyi, sai tsohon ya ce shi haihuwa kawai ya yi, ya wakilta wanda ya sha wahalar. Baba ne ya ba da ita, muryarsa na rawa.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Baba ya rasu a 1998 bai bar ɗan cikinsa ba. A shari'a matar da mijinta bai bar ɗa ba rubu'i take samu, saura na 'yan'uwansa ne. Gida ɗaya ya bari, dole aka sayar aka raba. Ba wanda ya zalunci wani, haka hukuncin yake. Amma yarinyar da ta tashi a gidan, ta yi jinyarsa wata bakwai, ko tabarma ba ta da ita a ciki, Gwaggo kuma ta wayi gari da kuɗi a ƙulle a bakin zane ba ta da ɗakin kwana. Shari'ar da ta hana ɗan riƙo gado ita ce kuma ta buɗe ƙofa biyu: mutum na iya yin kyauta da ransa da lafiyarsa ya mallaka, yana kuma iya yin wasiyya har sulusin dukiyarsa ga wanda ba magaji ba. Baba, mai rubuta kuɗin kananzir, wannan ɗaya ce ajali bai bar shi ya rubuta ba.

Gwaggo ta dawo gidana. Kun san surukuta a ƙasar Hausa: suruka ba ta zama gidan mijin 'yarta, abin kunya ne. Wata takwas muna fama kafin ta yarda, kuma da ta zo sai da na fasa mata ƙofa ta daban don kada mu riƙa haɗuwa a tsakar gida. Har yau ba ta cin abinci in ina wurin, ni kuma ba na shiga sashenta da takalmi. Wasu sun ce mace ta mallake ni. Ni dai abin da na sani, tarbiyyar da nake cin moriyarta shekara talatin da wani abu, wannan tsohuwa ce ta yi ta, ban biya ta ko kwabo ba. Ita kuwa da ta ga abin da ya faru, sai ta tambayi malamai, aka gaya mata cewa a mazhabar Malikiyya ɗan ɗan'uwa namiji yana iya gadonta, amma 'yar ɗan'uwa ba ta cikin magada. Nan take ta kira shaidu ta mallaka wa 'yarta filin da ta saya da rubu'inta, da keken ɗinkinta.

Zama da wadda ta tashi a riƙo ya koya mini kallon gida da wani ido. Yara uku muka riƙe ban da namu. Uwargidana ba ta yarda a raba kwano, ba ta yarda a yanko yadin Sallah iri biyu. In muka je gidan mutane, kafin a kawo ruwa ta gane wane ne ɗan riƙo: shi ne mai tsohon takalmi, shi ake aike ana tsakiyar cin abinci. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma'aikata da ke birni mun fi kowa wannan laifi. A ɗauko yarinya daga ƙauye da sunan za a sa ta makaranta, 'ya'yan gida su tafi ta kuɗi a mota, ita ta tsaya wanke-wanke da raino, in ta yi sa'a a tura ta Islamiyya da yamma. Wannan aikatau ne ba albashi, kuma iyayenta suna can suna yi mana addu'a.

Shugaba, ina da roƙo. A kundin sakatare akwai sunayen 'yan ajinmu da suka riga mu gidan gaskiya, kuma kusan kowannensu ya bar yara a hannun wani. Asusunmu yana biyan kuɗin jarrabawar wasunsu, madalla. Ina ba da shawarar kwamitin jin daɗi ya raba gidajen nan tsakaninmu, kowa ya ɗauki guda, ya riƙa zuwa da ƙafarsa sau biyu a shekara, ya ga yaron da idonsa, ya duba littattafansa. Muna da lauyoyi da alƙalan shari'a a cikinmu, ina roƙon ɗayansu ya zo taro mai zuwa ya nuna mana yadda ake rubuta kyauta da wasiyya. Ni na ɗauki gida na farko a jerin, sakatare ya rubuta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ƙara wa malamanmu lafiya.