Amsar Wasiƙunku: Tafiya Tsibirin Lete

Jama'a masu saurare, wani falke daga Zuru ya rubuto mana. Zai je sayen shanu tsibirin Lete, cikin kogin Kwara sama da Gaya, yana tambaya a hannun wa yake.

To malam, Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kansa, har kotun duniya ta ba Nijar shi a 2005. Dokar Nijar ke nan za ka bi. Ka fita ta Kamba, ka nuna takardunka, ban da ɓarauniyar hanya. Ka riƙe sefa. Ka sami mai masauki ɗan gari kafin ka shiga kwalekwale, kuma da rana tsaka. In gardamar iyaka ta tashi, ja bakinka, kai baƙo ne.

Allah ya kai ka lafiya, ya maido ka lafiya.