WA KE SA IDO A KAN DILLALAN INSHORA?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi na Rano da Kibiya, direbobinmu da ke jigilar hatsi zuwa Dawanau sun san takardar inshorar mota. Kuɗin ta motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta. Wanda ke miƙa musu takardar kuwa, da wuya a tambaye shi wa ya aiko shi.

Mu fara da hukunci. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979. Hukumar NAICOM, da aka kafa a 1997, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, ta wajabta wa kowane kamfani kwamitin malamai. To, amma kwamitin yana hedkwata, mai karɓar kuɗin yana tasha. A nan ɓarakar take.

A fiƙihu, wakili amintacce ne, kuɗin da ke hannunsa amana ne, ba rance ba. Idan ya karɓi kuɗin direba ya juya su a kasuwa, ko da da niyyar mayarwa, ya yi ta'addi, lamuni ya hau kansa. Ita ma dokar ƙasa tana cewa in kuɗi ba su shiga ba, babu kariya. Sai ranar da mota ta buge wani, a je neman diyyar da ta kai naira miliyan 3 ta ɓarnar dukiya, a tarar takardar jabu ce. Wa zai biya? Direban da bai mallaki ko taya ba!

Kuma a rarrabe: wakili na kamfani ne, dillali kuwa na mai saye ne. Kowannensu sai da lasisin NAICOM. Manzon Allah (SAW) da kansa ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya gano jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawatar. Saboda haka binciken wakili ba munana zato ba ne, hisba ce.

Muna kira ga kamfanonin takaful da su riƙa aiko masu bincike har ƙauyukanmu, su liƙa sunayen wakilansu a tasha, su kori wanda ya ci amana. Shugabannin direbobi kuma kada su bar kowa ya kafa tebur sai ya nuna lasisi. Kai kuma mai mota, karɓi rasidi mai sunan kamfani, ka sa a duba maka lambar motarka a rumbun NIID ta waya kafin ka bar wurin.