Amsoshin Tambayoyinku: Injin Wanke Kwanuka Yana Gunji Amma Ba Ya Wanki

  Takardar yau ta fito ne daga wani mai gyaran firiji da fanka a Kano. Ya ce an kira shi wani gida ya duba injin wanke kwanuka. Injin yana ɗibar ruwa lafiya lau, daga nan sai ya kama gunji, ba ya feshi, can an jima ya yi tsit. Ya ce har ya faɗa wa mai gidan moto ya ƙone, yanzu yana tambaya: ya kai a sake naɗa masa waya ne, ko a nemi sabo?

To Malam, madalla da wannan tambaya, amma ka yi hanzarin yanke hukunci. A kayan cikin injin nan moto yana cikin mafi tsada. In ka sa mutum ya saya, ka ɗaura, gunji ya dawo, ka ga an yi asarar kuɗi, kai kuma ka zubar da mutuncin sana'arka a gidan.

Ga waɗanda ba su san abin ba, galibin injinan nan famfo biyu gare su. Akwai ƙarami mai zubar da ruwan dauɗa, akwai kuma babba mai tura ruwa cikin hannuwan feshi. Moton babban muke magana a kai. Shi wannan gunji da ka ji, labari yake ba ka: wuta tana isa wurin moto, juyawa ce ta gagara. Tsit ɗin da yake yi daga baya kuwa, yawanci wani ɗan makunni ne da ke cikin naɗin wayar, wanda ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. In moto ya huce sai ya mayar. Moton da wayarsa ta tsinke gaba ɗaya ai ba shi da bakin gunji.

Kafin ka taɓa komai, zare fulogi daga bango. Kada ka ce ai ka kashe makunni, ko ai an ɗauke wuta. Ba ka san lokacin da za a maido ta ba, ga ka kuma durƙushe a jiƙaƙƙen ƙasa.

Fara da hannu, ba da mita ba. Kwashe ruwan, cire matata, ka laluba farfelar famfon. Fasasshen gilashi, ɗan ƙashin kaza, ƙwallon dabino, tsinken sakace, duk suna iya maƙale ta. Yi hankali da yatsunka saboda gilashin. Juya sandar moton ka ji. In ta cije, ko tana juyawa da ƙarar gurza, duba ko robar da ke tare ruwa ta mutu, ruwa ya riƙa ɗiga cikin boris har ya yi tsatsa. Farin gishiri-gishiri a ƙarƙashin famfo alamar yoyo ce. Injin da ya daɗe a ajiye ma yakan cije haka kawai, juyi ɗaya da hannu ya sake shi.

In sanda tana juyawa sumul, to sai kafasita. Kai da kake gyaran fanka ai ka san halinta: fankar sama ta tsaya tana gunji, a tura ta da sanda ta ɗauka. Cutar ɗaya ce. Irin wannan moto mai kafasita ba ya iya tashi da naɗi ɗaya, sai da na biyu, kuma kafasita ce ke ba na biyun ƙarfin turawa. Takan riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, saboda haka sauke mata caji tukuna ta hanyar haɗa ƙafafunta da ƙwan lantarki mai zare. Sannan cire waya ɗaya ka auna. Ƙarfinta yana rubuce a jikinta, ƙananan maikurofarad ne, sau da yawa da sassaucin kashi 5 cikin 100. In an rubuta 4 mita ta nuna maka 1, ka kama ɓarawonka. Wadda ta kumbura ko take zubar da mai ba ta bukatar awo. Ka sa mai lamba daidai da tata, kuma ƙarfin bolt ɗin sabuwar kada ya gaza na tsohuwar. Masu cewa a sa babba don moto ya ƙara ƙarfi, dafa shi kawai suke yi.

Sai bayan wannan ne za ka tuhumi moton kansa. Zare wayoyinsa, ka sa mita a ma'aunin om. A irin mai kafasita, ƙafa uku za ka auna bibbiyu, ka sami lamba uku. Babbar ya kamata ta zo daidai da jimlar ƙananan biyu. In mita ta ƙi motsi sam, waya ta tsinke, amma bari moto ya huce ka sake gwadawa, don kada makunnin zafin nan ya ruɗe ka. In ta nuna kusan sifiri, naɗin ya haɗe. Daga nan ɗora tsinken mita ɗaya a kan ƙafa, ɗaya a kan ƙarfen jikin moto. Bai kamata ka ga komai ba. In akwai mahaɗa, kada a sake kunna injin nan, don shi ne mai jan mutum in ya taɓa ƙofa da jiƙaƙƙen hannu. Hanci ma ma'auni ne, ƙaurin ƙonanniyar waya ba ya ɓuya.

Ba ka gaya mana ƙirar injin ba, to ga gargaɗi biyu. Sababbin injina da yawa motonsu ba shi da kafasita a gefe, allon lantarki ne ke sarrafa shi. Shi irin wannan, awo ukun nan daidai wa daida suke fitowa. Kada ka kuskura ka jona shi kai tsaye da wutar bango don gwaji, nan take za ka kashe shi. Na biyu, karanta takardar da ke manne a gefen ƙofa. Injin da aka yi don Amurka bolt 120 yake ci, a kan bugu 60 cikin daƙiƙa, mu kuwa tamu 230 ce a kan bugu 50. Taransifoma tana rage bolt, amma ba ta canza bugu, saboda haka moton zai yi tafiyar da ta gaza tasa da kashi ɗaya cikin shida, yana kuma ɗaukar zafi. Auna wutar gidan ma yayin da injin ke ƙoƙarin tashi. In ta yi ƙasa ainun, ko ƙaramin janareto ake ja da shi, lafiyayyen moto ma gunji zai yi.

Game da sake naɗi kuwa, in har awo ya tabbatar da ƙuna, tsohon moto mai kafasita yana naɗuwa a hannun gwani. Sai dai ka tabbata an mayar da makunnin zafi, an kuma canza robar da ta jawo yoyon, in ba haka ba wata uku ba za a yi ba za a sake kiranka. Ka koma gidan da mitarka, ka ce wa mai gida a dakata da sayen moto tukuna. In ka auna, rubuto mana lambobin da ka samu da ƙirar injin.