Allurar Sinawa Da Gajiyar Ɗan Kasuwa

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya, iyayenmu da 'yan'uwa fatake mazauna Ikko, barkanmu da wannan zama. An ba ni minti 10 in yi magana a kan allurar nan ta Sinawa da ake warkar da ciwo da ita. Ni ba likita ba ne, karatuna na Islamiyya ne, saura a kasuwar Idumota na koya. Abin da na gani da wanda na bincika shi zan faɗa.

Kun san halin da muka shiga. A farkon 2023 takardun kuɗi suka ɓace saboda canjin naira, ran 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a watan Yuni kuma aka saki naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Wanda ya karɓi kaya bashi da dala ya sayar da naira ya san abin da nake faɗi. Kwantenarka tana Apapa kuɗin ajiya yana hawa, a gida kuma an ɗauka duk wanda ke Kurmi mai hali ne, wayar neman taimako ba ta yankewa. Mu kuwa bakinmu bai iya cewa "ina cikin damuwa" ba, sai mu ce gajiya ce. To, gajiyar nan ta hana ni barcin kirki wata 4. Wuyana ya sandare, kaina kullum kamar an naɗa mini rawani an matse.

Sinawa sun fi shekara 2,000 suna wannan aiki. A nasu bayanin, akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" (ba cin tuwo ba, jama'a), mai gudana ta manyan hanyoyi 12 a jikin mutum, in ya toshe sai ciwo ya taso. Wuraren sukar da aka daidaita 361 ne. Likitocin asibiti da suka buɗe jiki ba su ga hanyoyin nan ba. Su cewa suka yi allurar tana taɓa jijiya ne, sai jiki ya saki nasa sinadarin mai rage zafi. Amurkawa ba su waiwaye ta sosai ba sai 1971, da aka yi wa wani ɗan jaridarsu, James Reston, tiyata a Beijin, aka rage masa ciwon bayan aiki da ita, ya rubuta labarin.

Ni a Guwanju aka yi mini, a Afrilun 2024, da na je saro takalma. Abokin cinikina, wani Musulmi ɗan ƙasar, shi ya ga yadda nake juya wuya da kyar ya kai ni asibitin maganin gargajiya. Likitan ya riƙe wuyan hannuna yana sauraren bugun jini, ya ce in fito da harshe, ya yi ta tambaya ta bakin tafinta: yaya barci, yaya cin abinci, me ke cikin raina. Allurar siririya ce kamar gashin jelar doki, kuma babu ruwan magani a cikinta. Ya kafa mini 14: tsakanin gira, tsakanin babban yatsa da manuni, ƙasan gwiwa, bayan wuya. Ba zafi, sai wani nauyi-nauyi da tsami a wurin. Ya rage fitila ya bar ni minti 30. Sau 6 na je cikin mako 2. Daga zuwa na uku na fara kwana sai asuba, wuyan ya saki.

Amma a riƙa faɗin gaskiya. A 2007 an fitar da wani bincike da aka yi a Jamus a kan masu ciwon baya 1,162. Wasu aka soka musu a wuraren da Sinawa suka ce, wasu aka soka sama-sama a wuraren da ba su ba, wasu aka ba su magani da motsa jiki kamar yadda aka saba. Rukuni biyun farko kusan rabi sun sami sauƙi, bambancinsu kaɗan ne, na ukun kuwa kashi 27 cikin 100. Wato allurar tana yi, sai dai ba lallai don dalilin da masu ita suka bayar ba. A ganina, rabin sauƙin da na samu daga kwanciyar nan ce. Ina tambayarku, yaushe rabon waninmu ya miƙe rabin awa da rana, waya a kashe, ba yaron shago ba mai bin bashi? Bashin kuwa allura ba ta taɓa shi ba. Zama muka yi da mai kaya aka raba mini biya kashi-kashi.

Wani abu kuma. Kafin ya taɓa ni da allura, likitan nan sai da ya auna jinina, ya ga ya hau, ya ce wannan na asibiti ne. Har yau kullum ina shan ƙwayata. Hawan jini ba ya sallama. 'Yan'uwanmu nawa suka faɗi a rumfa, ɓarin jiki ya shanye, muka ce jifa ne ko iska? Duk mai allurar da ya ce ka ajiye maganin hawan jini ko na suga, ɗauki hularka ka fita.

Kada abin ya zama mana baƙo. Mu ma muna da ƙaho, sunna ne, wanzamanmu suna yi, Sinawa ma suna yin nasu da kofin gilashi da wuta. Sharaɗin duka ɗaya ne: allura sabuwa, reza sabuwa, a ɓare ta daga leda a gabanka, a yar bayan an gama. Ciwon hanta da ƙanjamau ta nan suke bi. A nan Ikko akwai masu kafa allo su ce sun iya. Ka nemi ganin takardar shaidar karatunsa, domin allurar da aka zurfafa a ƙirji ko saman baya tana iya huda huhu. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun kafin a fara. Iyayenmu mata kuma, mai juna biyu ta sanar da su, don akwai wuraren da ba a soka mata, har da wannan na tsakanin yatsu da na ambata.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.